Kartarka Ba Za Ta Bar Ɗakin Nan Ba

Abu Zainab,

Sallama a gare ka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan kai wa ƙarar yayarka in ba kai ba?

Garinmu Mai Wurno lafiya. An yanke dawa, 'yarmu Zainab ta dawo daga Sinnar tana taya ni zaman takaba. Yinin takaba tsawo gare shi, shi ya sa na ɗauko kartarka ina koya mata konkan yadda ka koya mini: kowa da goma sha huɗu a hannu, ka ja ɗaya ka yar da ɗaya, kana haɗa iri ɗaya ko masu bin juna, kuma ba ka sauke su ƙasa sai lissafi ya kai hamsin da ɗaya. Hannunta ya faɗa, har ta fara cinye ni.

Shekaranjiya Yaya Hawwa ta same mu a kai. Wai caca ce, wai mai takaba ba ta wasa, wai na manta da kai tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Cacar me? Mu da wanda aka cinye shi ke dafa jabana, gahawar nan tamu? Ta kwashe kartar ta watsa a garwashin kanun, murhunmu na gawayi. Da hannuna na tsamo su. Yatsuna sun tashi, sarki ɗaya da joka ɗaya sun ƙone.

Na yi kukana, Allah ya gani, sallata ba ta wuce ni, ƙofar gida ban taka ba. Amma da kartar nan muka yi hirar aurenmu duka, kai da ba ka iya magana mai daɗi ba. Ina kewarka ƙwarai. Kuma bari in gaya maka abin da na ɓoye: duk sanda joka ya zo maka sai ka sosa kunne. Ina gani, nake ƙyale ka.

Na yanko kwalin shayi na zana sarkin da jokan. Kowa na gane su ta baya, duk wanda ya ja su asirinsa ya tonu. A haka muke yi. Gobe Yaya za ta dawo, kuma a tsakiyar tabarma za ta same su.

Allah ya haskaka makwancinka.

Matarka, mai rabon karta yanzu,
Sa'adiyya