Ba a Hura Wuta Kafin Goma

Tsibirin Ytterholm, 3 ga Mayu, 1984

Yaya Eilif,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Gudveig kuna lafiya. Bayan gaisuwa, na iso gidan marigayiya Mama, ban kuma nitse a hanya ba kamar yadda ka yi mini fata.

Na gyara ɗakuna sittin da biyu na agwagin teku, na shimfiɗa musu busasshiyar ciyawar teku. Su dai suna can kan ruwa suna kewaya tsibirin, mazan na ta "a-huu, a-huu" kamar tsofaffin da suka ji gulma. Dubawa suke ko sabuwar mai gidan ta isa a ba ta amanar ƙwai. Shekara arba'in Mama tana korar musu hankaki, su kuma in sun ƙyanƙyashe su bar mata lallausan gashin ƙirjinsu ta ɗinka barguna. Ban manta sharaɗinka ba: in wata ya ƙare babu wadda ta kwanta, ka zo ka rufe tagogi da katako, ka mai da ni Bergen.

Ga dokokin da na kafa wa kaina a bayan ƙofa. Tashi ƙarfe biyar, in zauna gadi a taga. Ba fita, ba hura wuta kafin goma, don motsi da hayaƙi ke korarsu lokacin da suke zaɓen ɗaki. Ba waƙa. Wannan ta ƙarshe ta fi ci mini rai.

Ƙanwarka,
Oddny

Brønnøysund, 9 ga Mayu

Oddny,

Muna lafiya, muna gaishe ki. Na karanta wa Gudveig dokokinki, sai da kofi ya sarƙe ta. Ta ce, "Auta ce za ta tashi biyar? Wadda ta makara ranar aurenmu, da yamma?" Na ce ta yi miki adalci, biyar ɗin yamma kike nufi.

Kafa doka a ƙofa ƙusa ɗaya kawai take ci. Kin fara koyon saƙa kin bari, kin fara karatun jinya kin bari, hali kuwa zanen dutse ne. Ga kofi da busasshen kifi na ba Torleif mai jirgin wasiƙu. Ki sa safa biyu.

Yayanki,
Eilif

Ytterholm, 19 ga Mayu

Yayana,

Ina gaishe ku. Ka yi dariyarka ka ƙoshi, na karya doka.

Kwana goma sha ɗaya na riƙe ta. Ranar Talata na tashi hazo ya haɗe sama da teku, gidan kamar yana tafiya a kan ruwa. Na yi mafarkin Mama tana cewa, "Ke, ɗora tukunya mana, yatsuna sun ƙage." Ban gama farkawa ba na ga hannuna ya riga ya ƙyasta ashana. Ƙarfe shida.

Da na leƙa taga sai ga su. Agwagi mata goma sha ɗaya sun hau tudu a jere, kowace da mijinta a baya, suna leƙa ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Hazo ya danne hayaƙin, ya kwanto da shi ƙasa har kansu. Ta gaba ta tsaya, ta ɗaga wuya, ta juya. Duk suka bi ta. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, Yaya, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Kwana huɗu ke nan ba su dawo ba. Na kwashe ashana na kai rumfar jirgi a ƙarshen tsibiri, tafiyar minti ashirin, tunda na gane ba a barin ni da ita ɗaki ɗaya. Kofin jiya nake sha da sanyinsa. Awa biyar nake zaune cikin bargo ba motsi, har numfashina ya koma bin igiyar ruwa. Wani lokaci ban san ko ni ke gadin tsibirin ko shi ke mafarkina ba. Abin mamaki, ban taɓa samun natsuwa haka ba.

Taka,
Oddny

Brønnøysund, 26 ga Mayu

Auta,

Gaisuwa. Ban yi dariya ba. Agwagwar da ta juya ba ta cika waiwaye ba, kin sani, na sani. Kin yi abin da ban zata ba, amma wata ya kusa ƙarewa. Gaskiya ba agwagin ne damuwata ba, tsoro nake ji, ke kaɗai a kan dutse cikin sanyi. Asabar mai zuwa ina tafe da katako. Ki haɗa kayanki.

Eilif

Ytterholm, 30 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa a gaggauce, Torleif na jira. Kada ka zo Asabar, ƙarar injin jirginka za ta yi mana ɓarna. In ka matsu, ka kashe shi daga nesa ka tuƙo da hannu, bayan goma.

Kada kuma ka nufi ƙofa. Agwagwa ɗaya ta raina ɗakuna sittin da biyun nan, ta kwanta ƙarƙashin matakalar gida a kan ƙwai huɗu. Kwana uku ke nan ta taga nake shiga da fita, haka za ka shigo kai ma, da tumbinka.

Ku huta lafiya,
Oddny