Kai Na Gyaɗa wa Ƙanena, Na Gyaɗa wa Ɗana

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Ina roƙon ki taimake ni, domin na rasa mafita. Ni tsohon jami'in ma'aikatar ciniki ne, na yi ritaya na dawo gida Kafanchan. A zamanin aikina nakan raka tawagar gwamnati tattaunawa da ƙasashen waje a kan yawan yadin da za a bari ya shigo. Yawa na ce, ba haraji ba, domin mutane sukan haɗa su.

Yanzu wani kwamiti ya gayyace ni in faɗi ra'ayina a bainar jama'a: a tsuke ƙofar shigo da yadi ko a sassauta. Ƙanena Kumai ya yi aiki a masaƙa a Kaduna har aka rufe ta. Noman citta yake yi da ƙyar, bai kuma cire rai da za a sake buɗe masaƙar ba. Ɗana Yafet kuwa atamfar waje yake sayarwa, shi ke kawo wa Zumuntar Mata ta majami'armu anko, da shagonsa yake ciyar da jikokina.

A wurin aiki an hore mu kada mu nuna wa abokin tattaunawa inda za mu tsaya, mu saurara kawai muna gyaɗa kai. Haka na yi wa kowannensu. Ga shi Kumai yana shaida wa tsofaffin abokan aikinsa cewa yayansa nasu ne, Yafet ma ya faɗa wa 'yan kasuwa haka, kuma dukansu za su halarci zaman. Matata Dinah ta ce in fake da ciwo, amma ban taɓa guje wa taro da ƙarya ba. A raina, a tsuke nake so, sannu a hankali.

Dattijo daga Kafanchan

Baba,

Dabarar baƙi ka shigo da ita gida. Baƙo idan an tashi taro jirgi yake hawa, su Kumai kuwa tare za ku ci shinkafar Kirsimeti.

Kowannensu yana da hujja: ɗaya ya rasa aikinsa, ɗaya yana tsoron rasa nasa. Kada ka fake da ciwo. Kafin ranar zaman, kira su tare, Mama tana zaune, ka faɗi abin da ka rubuto mini. Yafet zai ji zafin tsukewa, Kumai zai ji zafin jinkiri, amma jinkirin zai ba ɗanka lokacin neman yadin gida. A gaban kwamiti ma ka bayyana sana'ar ɗanka tun farko.

Gara su ji daga bakinka a falo da su ji ta lasifika. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya bar zumunci.