Kifin Sijan Daga Jidda

Jidda, kasuwar kifi

Assalamu alaikum Yaya Kabira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya yara? Na rubuto ne don a waya ba kya tsayawa in gama magana. Ga kular ƙanƙara nan cike da kifi na ba Sa'ud mai tasi ya kawo miki. Kifin ciki sunansa sijan, bai fi tafin hannu ba, amma kada ki raina shi. Wani likita da nake gyara wa kifi ya ce mai hawan jini irin Inna ba abin da ya fi masa: yana gina jiki, kitsensa kaɗan ne, kuma man da ke jikinsa na taimakon zuciya.

Na yanke ƙayoyin bayansa da almakashi, don suna da dafi. Na kuma fidda kayan ciki, ciyawar teku yake ci, in ya jima da su sai ya yi ɗaci. Ba sai kin kankare ba. Ki gasa shi da tafarnuwa da lemon tsami, ko ki yi romo da tsamiya yadda mutanen nan ke yi. Ban da suya, Yaya. Ban da gishiri.

Ki ce wa Inna ina nan tafe in hanya ta yi sauƙi. Kin san taftish, binciken takardu a hanya, ya tsananta, ni kuma ba iƙama, takardar izinin zama.

Ƙaninki, Hafizu

Hindawiyya, Makka

Wa alaikumus salam Hafizu,

Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Na gasa kamar yadda ka ce. Ta kai loma ɗaya ta ture kwanon, wai wannan abincin asibiti ne, ita da ta tashi a Yawuri a bakin ruwa ba za a koya mata cin kifi ba. Romon ma yara suka shanye. Amma kada ka fasa aikowa, yanzu tana ci. Har ta ɗan yi kumari.

Kullum sai ta tambaye ka. Kowa na gaishe ka.

Yayarka, Kabira

Hindawiyya, Makka

Salam Hafizu,

Bayan gaisuwa. Abin da na gaya maka a waya rabi ne. Gaskiya ne Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓangaren hagunta ya mutu, bakinta ya karkace. Abin da ban faɗa ba shi ne yadda aka yi take cin kifin.

Soya mata nake yi. Da ta yi kwanaki ba ta cin abin kirki, sai ta ce, "Kabira, ko da guda ɗaya, ki jefa min a mai." Na jefa. Na barbaɗa gishiri da yaji. Ta cinye har kan, tana tsotsar yatsa, tana ba ni labarin yadda babanta ke fitowa da kwalekwale. Rabon da in ga haƙoranta tun rasuwar Baba. Washegari ta sake roƙo, na sake. Haka muka ci gaba duk Alhamis da Juma'a, wani lokacin har Asabar.

A asibiti likita ya tambaye ni me take ci. Na ce kifi. Ya ce madalla. Ban gaya masa soyawa nake yi ba, Hafizu.

Ba ta iya tauna yanzu. Sunanka kaɗai ke fita daidai a bakinta. Ka yi min faɗa in kana so, na cancanta, amma ka zo. Ba kifi take nema ba.

Kabira

Jidda

Assalamu alaikum Yaya,

Na karanta takardarki a tsaye, da wuƙa a hannu, har mai shago ya ce in je in zauna. Faɗan me zan yi miki? Ke ce ke ɗaga ta, ke ce ke mata wanka. Na tambayi likitan nan, ya ce ciwon ya daɗe a jikinta, babu mai iya cewa suya ce ta kayar da ita. Ban sani ba ko lallashina yake yi. Na dai faɗa miki yadda ya faɗa.

Ni fa? Tsakanina da ku tafiya ce da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba. Abokan aikina marasa takarda suna zuwa Makka suna dawowa. Ni tsoro nake ji, sai na riƙa cika kula ina rubuta miki dokoki, ina jin kamar na sauke nauyi.

Tunda ba ta tauna, ki dafa shi ya yi laushi, ki zare tsokar da hannu, ƙayarsa ba ta da wuyar fita, ki dama a romo da ɗan dankali. Ki ce mata Alhamis ina tafe tare da Sa'ud. A'a, kada ki faɗa mata, bari ta gan ni kawai.

Sai na zo. Ƙaninki, Hafizu

Hindawiyya, Makka

Hafizu, salam,

Sa'ud ya iso shi kaɗai da kula. Ya ce a taftish suka sauke ka, an wuce da kai gidan tarhil, inda ake tsare marasa takarda, daga can sai Najeriya. Ya ce da kanka ka miƙa masa kular ta taga. Wayarka a kashe.

Ni na ce ka zo.

Ban bi maganarka ba, tun Laraba na gaya wa Inna. Ta sa na ɗaura mata sabon ɗankwali, na jingina ta inda take hango ƙofa. Na dama romon, ta sha kaɗan, ta nuna in rufe sauran in ajiye maka.

Sa'ud ya ce zai nemi wanda zai shigar maka da takardar nan. In ta same ka, ka gaya min abin da zan ce mata. Har yanzu ba ta yarda a kwantar da ita ba.

Allah ya tsare ka.

Yayarka, Kabira