Kabarin Matuƙin Jirgi a Bakin Komadugu

Zuwa ga babban hafsan da ke kula da matuƙan jiragen yaƙi na wannan yanki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da yaran da kake turawa sama, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutun tsoho. Sunana Kiyari. Manomin tattasai ne ni a wani ƙauye na bakin Komadugu, wajen Geskeru, kafin yaƙi ya tashe mu. Yau ina ɗaki guda a Diffa, matata ta rasu, ba ni da kowa kusa. Na rubuta a fili ne don ƙofar biro ɗinku, wato ofishinku, ta gaji da ganina.

Na ɗaya. A daminarmu ta ƙarshe a ƙauye, wata rana da la'asar, jirgin yaƙi ya dawo daga wajen tafki yana hayaƙi, ya faɗi bayan gonata. Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya wuta ba ta bar mana ko abin binnewa ba. Ɗayan ya diro da laima, ya faɗo cikin kwamin tattasaina, ƙafafunsa a karye, ƙirjinsa na jini. Yaro ne, bai kai ɗan autana ba. Na ɗora kansa bisa cinyata, na ba shi ruwa. Ya ce daga ƙasa aka harbo su, abokinsa ya tilasta masa ya fita, shi ya tsaya don ya kauce wa gidajenmu. Ya tambaye ni ko akwai mata da yara a tsibirin da suka jefa wa bam. Ban sani ba, kuma haka na gaya masa. Ya kira mahaifiyarsa, ya yi kalmar shahada, ya cika kafin magariba.

Na biyu. Limaminmu ya ce wanda ya mutu a fagen yaƙi ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake sa shi. Haka muka yi, sai dai mun yi masa salla. Akwai ɗan ƙarfe rataye a wuyansa, na san sunansa ne a kai, amma jini ya rufe rubutun, kuma ba wanda ya yarda ya cire. Ranka ya daɗe, ka san lokacin. Duk wanda mutanen daji, masu tayar da ƙayar baya, suka samu da abin soja, ko maɓalli ne, yanka shi suke. Muka haƙa cikin gaggawa a gindin wata aduwa ta bakin kogi, muka rufe da ƙaya saboda karnuka. Ko tsingaro ba mu kafa ba, don kada masu nemansa su gane wurin. Da safe suka zo suna tambaya, ƙauyen duka ya ce bai ga kowa ba.

Na uku. Mutanenka sun zo daga baya, suka kwashe ƙarafan jirgi a mota, suka juya ba su saurari kowa ba. Ban ga laifinsu ba, wurin ba na tsayawa ba ne. Amma tun da na zo Diffa nake zuwa biro da sandata. Wani ya ce in dawo, wani ya ce ba a san ko jirgin na ƙasarmu ne ko na ƙasar da ke ƙetaren kogi ba, na ƙarshe ya ce in kawo shaida. Shaidar tana wuyansa, ranka ya daɗe. Ni ba ni da ikon tone kabari, kuma an hana farar hula taka wurin.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni barci. Wani masunci da ya ratsa ta can ya gaya mini ruwan bara ya ci gaɓar har saiwoyin aduwar sun fito fili. Ruwan bana yana hanya, mun ga kogi ya fara ƙaruwa. In aduwar ta faɗi, kabarin ya tafi, sunan ya tafi. Wata tsohuwa tana can wani gari, ba ta san ko ta yi sadakar ɗanta ko ta ci gaba da jiran sallamarsa ba. In yana da mata, ba ta san ko ta shiga takaba ba.

Mu huɗu muka binne shi. Liman ya rasu a sansanin gudun hijira na Assaga, sauran biyun sun ƙetare kogi, ba labarinsu. Ni kaɗai na rage, kuma tari ya kama ni tun bazara.

Don haka ina roƙon ka ba da mota da rakiya, a kai ni in nuna wurin kafin kogi ya cika. A zo da malami, a ɗauke shi yadda addini ya ce. A karanta sunan, a gaya wa mahaifiyarsa cewa bai mutu shi kaɗai ba, kuma an yi masa salla. A gaya wa dangin abokinsa cewa ko gida ɗaya bai ƙone a ƙauyenmu ba.

Allah ya tsare ka, ya dawo maka da kowane yaro da ya tashi. Ni dai takalmana suna bakin ƙofa. Tsakanina da aduwar nan, ban san wanda zai riga faɗuwa ba.

Wassalam.

Kiyari, Diffa.