Alhaji Ya Shinshina Kwalbata

Lahadi, bayan sallar Isha

Shekara uku ina East Greensboro, Alhaji Sani, shugaban masallacinmu, bai taɓa tako gidana ba sai yau. Wai wucewa yake yi. Daga can unguwarsu, Sedgefield, wucewa zuwa ina?

Ko zama bai yi ba ya nufi taga, inda na jera tsofaffin kwalaben da nake tonowa a bakin rafi. Ya ɗauki mai dogon wuyan nan, ya kai ta hanci.

"Malam Bashir, wannan ta mece ce?"

Na ce ta magani ce, ta girmi kakana. Alhali ta giyar wiski ce, sunan ma yana jikinta, kuma da tabarau ya zo. Ƙasa kawai na tarar a cikinta, to me ya kai ni yin ƙarya?

Lallai wani ya hango kwalaben a motata ranar Juma'a ya kai masa gulma. Ga shi ni ke karantar da yaran Islamiyya.

Na zuba masa zoɓo. Ya daɗe yana kallon jan, sannan ya ce a ƙoshe yake. Kofin yana nan kan tebur, cike.