Ɗigon Koren Fenti

Litinin, 29 ga Afrilu, 2024

An dawo hutu. Na shiga ɗakin gwaji na tarar Isaiah ya wanke kwamfutocin nan shida tas, ya ɗora musu wani abu wai shi Linux. Manhajar kyauta ce, in ji shi, kowa yana iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, kuma bairos ɗin da ɗalibai ke kwaso mana a filas ba zai ƙara cin su ba. Dakta Halimatu Sadiya, shugabar sashe, ita ta ba shi izini. Ni da na shekara ashirin da biyu ina riƙe da ɗakin nan, sai a bakin mai shara na ji labari. Shi kuwa watansa goma sha ɗaya da zuwa daga Bogoro, takardarsa ma ta wucin gadi ce. Ƙarshen Mayu kwamiti zai zauna, ko a sabunta masa ko a sallame shi.

Na dai ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da matata Kaltum ke cewa ta fi zagi ciwo.

Talata, 30 ga Afrilu

Damuwata allon FPGA ɗin nan. Ƙwaya ɗaya tak gare mu a duk kwalejin. Ɗan guntun baƙin da ke tsakiyarsa ba ya iya komai sai abin da ka zana masa a kwamfuta ka tura masa ta kebul. Yau ya zama agogo, gobe ka goge ka mai da shi fitilar ba da hannu. A kansa 'yan ajin ƙarshe ke yin aikin kammalawa. A tsohuwar manhajar da muka saba, duk da tarin cutarta, yana aiki. Na tambayi Isaiah ko manhajar zanen za ta zauna a kan wannan sabon abu nasa.

"Za ta zauna, Malam. Kwana biyu kawai."

To, mu gani.

Alhamis, 2 ga Mayu

Kwana biyun ya cika, ba ta ko buɗe ba. Wai wasu 'yan tarkace ne ba ta samu ba, sai an sauko da su. Da datarsa yake yi, na lura. Zafin Azare kuwa sai wanda ya gani, ga fanka ɗaya ta mutu.

Litinin, 6 ga Mayu

Ta buɗe. Gaskiya ta fi da sauri, wannan kam ba zan ɓoye wa littafina ba. Ya yi zane, ta haɗa, babu kuskure ko ɗaya. Na kwance makulli daga ƙuguna, na buɗe kabad, na fito da allon da kebul ɗinsa a kwalinsu. Muka jona. Fitilar allon ta kama. Ya danna tura, sai manhajar ta ce ba ta ga wata na'ura ba.

Sau bakwai yana gwadawa. Ina tsaye a bayansa hannuna a goye, kuma Allah ya gafarta mini, daɗi nake ji.

Laraba, 8 ga Mayu

Wai izini ne. Linux ba ya barin kowace manhaja ta taɓa kebul sai an rubuta mata izini a wani lungu. Isaiah ya buɗe baƙin shafin nan na kwamfuta da ake rubuta umarni, ya yi ta tsiri-tsirinsa. Shiru.

Juma'a, 10 ga Mayu

Yau raina ya ɓaci ƙwarai.

Ya rubuta wani umarni da ke jero duk abin da aka jona wa kwamfuta. Ya sa filas, ya fito. Ya sa wayarsa, ta fito. Ya sa allonmu, babu. Sai ya juyo, gaban ɗalibai takwas, ya ce, "Malam, kwamfutar ba ta ma san an sa mata wani abu ba. Ina jin kebul ɗin ne. Akwai waɗanda caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar saƙo, irin na tocila."

Na ce ba ka ga fitila ta kama ba?

Ya ce wuta daban, saƙo daban. Sannan ya juya kebul ɗin a hannunsa ya ce, "Kuma ban ga ɗigon fentinka a jikinsa ba."

Kowa a sashen nan ya san ɗigona. Tun ranar da na kama aiki, duk abin da ya shigo ɗakin nan, daga injin awo har sukudireba, sai na ɗiga masa koren fenti da tsinken ashana. Kuma tun da wani ɗalibi ya ƙone mana na'ura da cajar kasuwa shekara takwas baya, na kafa doka: kayan waje ba ya taɓa kayan kabad. Makulli ɗaya ne, a ƙuguna yake kwana. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Yau ɗan jiya-jiya zai ce an musanya kaya a kabad ɗina, wato ko ni ɓarawo ne ko sakarai.

Na ce fentin gogewa ya yi. Ya roƙa in bari ya gwada nasa kebul ɗin sau ɗaya. Na ce ba da raina ba. Na tattara kayana na kulle.

Asabar, 11 ga Mayu

Kaltum ta ce, "Baban Mairo, in ya gwada me zai ragu a jikinka?" Na ce ta tsaya a kan tuwonta.

Laraba, 15 ga Mayu

Sati biyu da rabi, 'yan ajin ƙarshe ba su tura ko layi ɗaya ba. Sun fara ƙunƙuni a baranda. Isaiah ya sauke manhajar ya sake ɗorawa har sau uku, ya gwada a kwamfutoci huɗu. Ya rame. Kullum sai ya gaishe ni da rusunawa kamar babu komai, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan. Da ma ya yi mini rashin kunya in samu abin kamawa.

Ya sake tayar da maganar kebul, a hankali, mu biyu kawai. Na yi kamar ban ji ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Dakta ta kira ni ofis. Ta ce kwamiti zai zauna ran 29, tana son ra'ayina a rubuce tun da ni ne a kansa. Na zauna na cika shafi guda. Na ce ya rushe tsarin da ke aiki ba tare da shawarar na gaba da shi ba, ya tsayar da aikin ɗalibai, kuma da ya kasa sai ya ɗora wa kayan gwamnati laifi. Ban rubuta a sallame shi ba. Amma duk mai karatu ya san inda na dosa.

Ta karanta ta dube ni ta saman tabarau. "Malam Zarami, ka tabbata?"

Na ce shekara ashirin da biyu, Dakta.

Talata, 21 ga Mayu

Na ga Joan, matar Isaiah, a bakin get ta kawo masa abinci a kula, ciki ya tsufa tana tafe da ƙyar. Ta gaishe ni har ƙasa. Ban san tana da ciki ba. Wa ya gaya mini?

Alhamis, 23 ga Mayu

An yi ruwan farko. Ban ji daɗinsa ba, ban san dalili ba.

Asabar, 25 ga Mayu, Katagum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zo gaida Iya mahaifiyata da hantsi, na kawo mata maganin ƙafa. Muna zaune a rumfa tana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, sai ta ce in miƙo mata tocilarta, tana caji a jikin ɗan solar da ke taga. Na je na zare. Kebul baƙi, mai kauri. Kusa da kansa ga ɗigon koren fenti, ɗan karkatacce, kamar yadda hannuna ke yi.

Na ɗaga shi wajen haske na sake dubawa.

Na tuna. Jajiberin ƙaramar Sallah ne. Cajata ta tsinke, motar Katagum na shirin tashi, na buɗe kabad na zari kebul ɗin allon, na ce ai kwana uku ne, kuma ni ne mai dokar. Ranar dawowa ina sauri na fizgi wanda ke jikin taga na cusa a jaka, na mayar kwali ban ko duba ba.

Iya ta ce, "Ai wannan naka ne, tun Sallah ka bar mini. Ya fi nawa ƙwari nesa ba kusa ba, Allah ya yi maka albarka." Albarka take sa mini, ni kuwa zufa ce ke bin bayana.

An kawo kifi da rana, ban iya ci ba. Na ce mata cikina ne.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na dawo Azare da shi a aljihu. Na gaya wa Kaltum, don in ban gaya wa wani ba zan fashe. Na zata za ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "To yanzu fa?"

Na ce zan mayar da shi kwali gobe da sassafe, allo ya yi aiki, shi ke nan kowa ya huta.

"Takardar da ka rubuta fa?"

Na ce in abu ya gyaru ai takarda ta mutu da kanta. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara, har inda ta riga ta share.

Litinin, 27 ga Mayu

Na yi yadda na ce. Ƙarfe bakwai saura na musanya kebul ɗin, na Iya na jefa aljihu. Da Isaiah ya zo na ce mu ƙara gwadawa, ko Allah zai sa a dace. Ya jona, ya rubuta umarninsa, sunan allon ya fito a layi na uku. Ya danna tura. Ƙananan fitilu takwas da ke jere a jikin allon suka fara bin juna. Ɗalibai suka ɓarke da tafi, wata har da guɗa.

Shi bai yi tafi ba. Ya sunkuya, ya ɗora babban yatsansa a kan ɗigon, ya ɗan murza. Ya ɗago ya dube ni. Na shirya, wallahi na shirya ya tona ni. Sai ya ce, "Mun gode Allah, Malam," ya matsa ya ba ɗalibai kujera.

Da zagina ya yi da na samu sauƙi.

Talata, 28 ga Mayu

Takarda ba ta mutu ba. Dakta ta tare ni a matakala tana fara'a, wai ta ji labarin wata guda yaro yana fama, na sa hannu rana ɗaya abu ya tashi. Ta ce rahotona yana gaban kwamiti tun makon jiya, kuma yanzu ta ga gaskiyata. Ni aka yaba wa. Ni.

Na buɗe baki, sai na ji ina cewa na gode.

Da la'asar na wuce ta layin masu gwanjo, na hango Isaiah yana cinikin manyan kwalaye. Na juya babur na bi ta wata hanya.

Shekara ashirin da biyu ko takardar gargaɗi ban taɓa karɓa ba, saura mini huɗu in yi ritaya. In na yi magana, har masu shara sai sun ji cewa Zarami mai doka shi ya kwashi kayan gwamnati ya kai wa uwarsa cajin tocila. In na yi shiru, gobe war haka an gama. Ina jin tsoro, kuma ina jin kunyar tsoron.

Laraba, 29 ga Mayu

Ba wani abu ba ne. Na dai bi ta ofishin kwamiti ne tun da hanya ce, kuma duka kebul biyun suna aljihuna. Na ajiye su a kan tebur na faɗi yadda aka yi. Bai kai minti biyar ba. Wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Dakta ba ta dube ni ba sam. An ce in saurari takarda, in ba da amsa cikin kwana biyu. Isaiah kuma an sabunta masa shekara guda.

Na same shi a ɗakin gwaji shi kaɗai. Na ce kada ya ɗauka don shi na yi, rahoto ne ba na son ya zauna da kuskure. Ya ce to, Malam. Can ya ce, "Tun ranar Litinin na ce wa Joan ta fara haɗa kaya. Ban yi zaton za ka shiga ba."

Na ce me ya hana ka faɗa da kanka, ka ga ɗigon ai?

Ya ce, "Sau biyu na faɗa, Malam."

Sai na ce ya nuna mini umarnin nan na jero kaya. Harafi biyar ne kacal, ashe. Na rubuta da yatsa ɗaya, allon ya fito a layi na uku.

Da yamma na biya kasuwa na saya wa Iya sabon kebul mai ƙwari, tun da na bar ta da tocila ba caji. Mai yanka makulli yana nan gefe, sai na ce ya yanka mini na kabad guda ɗaya, don kawai kada nawa ya ɓata wata rana. Na ɗiga masa fenti, yana kan taga yana bushewa. Kaltum ta tambaya ko na Isaiah ne, na ce ƙuguna ne ya fara ciwo, makullai biyu sun yi mini nauyi.