Lissafin da Bai Bar Saura ba

Laraba da dare, watan Safar, 1337. Gagarawa.

Yau ƙanena Habu ya zo daga Sule Tankarkar, idanunsa jajur. Murar nan da ke ta kwasar mutane ta kama matarsa Binta, kwana shida ke nan ba ta tashi ba. Ya ce, "Yaya, kai ne ka karanci hisabi. Duba mini, za ta tashi?"

Na baza rairayi, na haɗa adadin haruffan sunanta da na uwarta da na ayar da ake haɗawa da su. Ya tashi dubu biyu da ɗari uku da talatin da ɗaya. Yadda malamina ya koya mini, raba shi ake yi uku. In ɗaya ya rage, sauƙi na tafe. In biyu, doguwar jinya. In babu saura, sai a nemi likkafani.

Ya rabu cif, ɗari bakwai da saba'in da bakwai sau uku. Na gwada da bakwai, na gwada da tara, ko zan sami abin kamawa. Duk ya shige, ko ƙwaya bai bari ba.

Na share rairayin da tafin hannu, na ce masa, "Ɗaya ya rage."

Habu ya yi hamdala har da hawaye. Wai gobe zai biya kasuwar Maigatari ya sayo mata sabon zane, ta ɗaura ranar da ta miƙe.

Na san gaibu na Allah ne, lissafi ba ya kashe kowa. Duk da haka bayan tafiyarsa sau huɗu ina sake bugawa. Ban san wanne zan fara neman gafara a kansa ba, duban ko ƙaryar.